Jiƙon Maɗaci da Shayin Ummaru

Ba zan taɓa mantawa da safiyar awon suga a garinmu ba, ko da zan kai shekarun kukar bakin kasuwa. Duk lokacin da na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, daga baya kuma in yi wa Allah godiya.

Garinmu kusa da Wurno yake. Ni manomin albasa ne, amma baki aka fi sanina da shi. Idan na yi atishawa a fadama, mutanen Achida ke yi mini addu'a. Shi ya sa da aka kafa kwamitin yaƙi da ciwon suga a unguwarmu, ba a yi doguwar shawara ba aka ɗora mini shela. Dalilin kwamitin kuwa ba na wasa ba ne. Wani dattijo maƙwabcinmu ya taka ƙaya, ƙafar ta ƙi warkewa, aka kai shi Sakkwato, ya dawo babu ita. Sai mai unguwa ya tara mu, aka roƙi Malama Nana, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, ta zo filin firamare da ɗan injinta ta auna jinin kowa kyauta.

Sharaɗi ɗaya ta ce in sanar: kowa ya zo da safe bai ci komai ba, bai sha komai ba sai ruwa. Kwana uku ina bayan ɗan kabu-kabu da lasifika, lungu-lungu, ina cewa ko ƙwayar gyaɗa kada wanda ya kai baki. Har kaji sun haddace sanarwar.

Abin da ban sanar ba shi ne halin da ni mai shelar nake ciki. Watanni ke nan ƙishirwa ba ta barina, fitsari kuma kamar an ɗauke ni aikin ban ruwa. Wandona ya fara zamewa. Matata Kulu ta ce, "Malam, randar ga kai ɗai ka shanye ta." Na ce zafi ne. A tunanina ciwon suga na manyan birni ne masu zama cikin mota, ba na mai saɓa buhun albasa ba. Amma fartanya ta yanke ni a babban yatsan ƙafa, mako uku ciwon bai bushe ba. Na ɓoye shi cikin safa (a tsakiyar bazara, ku ji fa), kuma duk sanda na wuce ƙofar dattijon nan sai in ƙara sauri.

Maimakon in faɗa wa Malama, sai na zauna na yi ilimi irin nawa. Suga zaƙi ne. Maganin zaƙi ɗaci. In na cika cikina da ɗaci kafin awo, injin ba zai ga komai ba, mutuncin mai shela ya tsira. Na samo ɓawon maɗaci, na jiƙa shi a ƙwarya, na ɓoye bayan rumbu ya kwana. Ana idar da sallar asuba na zagaya, na yi bisimilla, na kafa kai.

Jama'a, na sha ɗaci a duniya, amma wannan kakan ɗaci ne. Fuskata ta naɗe kamar tsohuwar tabarma. Akuyar da ke ɗaure a wurin ta dube ni ta daina tuƙa. Na kurkure baki ya fi sau goma, harshe ya ƙi dawowa daidai, ga shi ni zan buɗe taro.

Hanyar makaranta kuwa ta gaban teburin Ummaru mai shayi ta bi. Ummaru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara ba mu raga wa juna.

"Sarkin surutu, mi yas same ka? Huskar ga awa an matse lemun tsami."

"Zuba min shayi ɗan kaɗan, kurkure baki za ni yi."

"Ba kai ka yawo kana hana mutane ci ba? Ka kashe min kasuwa, ni kaina ko ruwan bunu ban sha ba."

"Kai dai zuba."

Ya zuba, da madara da suga yadda na saba. Kofi ɗaya bai kai ga ɗacin ba, na ƙara na biyu. Burodi yana gefe yana kallona, na ga rashin ladabi ne in bar shi. A lissafina, ƙwarya guda ta maɗaci ta cinye kofi biyu har da saura.

Na iske fili cike, maza a inuwa ɗaya, mata a ɗaya, amma kowa na tura ɗan'uwansa gaba don tsoron allura. Na ɗauki lasifika na yi jawabi mai ratsa jiki, na ce namiji ba ya gudun ɗan tsinke, ni zan fara kowa ya gani. Aka yi mini tafi.

Malama Nana ta tsira mini yatsa, ta ɗiga jinin a injin. Ta dubi injin, ta dube ni. Ta sake wani awon. Lambar da ta fito, a idona, ta kai tsawon lambar waya. Baiwar Allah ta so ta rufa mini asiri, ta sassauta murya ta ce, "Baba, kun ci wani abu da sahe?"

Ni kuwa lasifika na bakina. "Ni? Ni da niy yi shela? Ko miyau da ƙyar nika haɗewa."

Sai murya ta taso daga cikin layi. Ashe Ummaru ya rufe tebur ya biyo sahuna.

"Malama, gaskiya yah hwaɗi, bai ci ba, sha yay yi. Kohi biyu, madara har cokali na tsayawa. Burodin kau shi yab bi shayin don kainai."

Fili ya ɗauka da dariya. Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma bakin da ya saba ba ya tsayawa. Na ɗaga lasifika don in kare kaina, na ce, "To ai na sha maɗaci tukuna, ƙwarya guda, don shi kashe sugan."

Daga inuwar mata Kulu ta amsa, "Ashe kai kaɗ ɗauke ƙwaryar hurata. Tun jiya nika biɗa."

Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar bazara kuwa ta ƙi.

Malama Nana ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi lasifikar a hannuna (karo na farko a tarihi), ta ce ta gode wa Baba da ya fito da abin da ke ran mutane da yawa. Ta yi bayani cewa ɗaci ba ya goge suga a jini, kuma ciwon ba ruwansa da mai kuɗi ko manomi. Sannan ta tambaya, wa kuma ya sha wani abu kafin ya zo? Aka shiga kallon juna. Sai hannuwa suka fara tashi a hankali: mai jiƙon dogon yaro, mai garafuni, mai saiwar da shi ma bai san sunanta ba. Ashe ba ni kaɗai ne malamin ba. Ta ce duk mu dawo gobe.

Washegari Kulu ta rako ni kamar ɗan sanda da ɓarawo, ko kallon teburin Ummaru ba ta bari na yi ba. Aka auna, ciki ba komai, lambar dai ta yi sama. Malama ta ce in cire safa. Da ta ga yatsan, sai ta rubuta takarda ta ce yau ɗin nan in tafi babban asibiti, ba gobe ba. A can likita ya ce na zo a kan gaɓa. Aka wanke, aka ɗora ni kan magani, bayan 'yan makonni ciwon ya rufe. Yatsuna goma na ƙafa suna nan, kullum sai na duba su.

Yanzu tuwona ya ragu, zogale da wake sun ƙaru, lemun kwalba sai dai mu gaisa daga nesa. Mu da aka samu da ciwon mukan taka zuwa fadama mu dawo bayan asuba, kuma duk wata Malama na auna mu. Ummaru yana ba ni shayi ba suga, duk magiyar da zan yi ba ya sauya ra'ayi. Yana dai ba kowane baƙo labarina, kuma kofunan sun kai bakwai a bakinsa. Ban taɓa hana shi ba. Tonon asirin da ya yi mini ya fi mini rufin asirin da na so yi wa kaina, Allah Ya saka masa da alheri, shi da Malama da Kulu.

Darasin da na koya shi ne, mutum na iya yi wa gari guda wayo da lasifika, amma jininsa ɗan gulma ne. Ɗigo ɗaya aka tambaya, ya faɗi komai.