Hancin Jami'a da Na'urarsa

Allah ya yi wa jami'armu baiwa da Dokta, masanin sinadaran da ke yawo cikin iska, wanda ɗalibai ke kira Hancin Jami'a. Mu sauran bayin Allah shaƙar iska kawai muke yi kamar awaki, shi kuwa ɗanɗana ta yake yi. In zai shiga aji, sai ya tsaya bakin ƙofa, ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi, ya ce, "An ƙona shara yamma da nan." Sai aji ya yi tsit. Wa ya isa ya yi musu da wannan hanci?

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar farfesa. Har allon ƙofa ya sa an rubuta masa, yana nan ajiye bayan kabad.

Na'urar auna gurɓatar iska ce za ta kai shi ga kujerar. Da aka kawo ta, aka ce a kafa ta saman bene. Dokta ya dubi tsani, ya dubi kwat ɗinsa. "Ni, da digirina uku, in riƙa hawa sama kamar mai gyaran kwano?" Aka kafa ta jikin tagar ofishinsa, inda kowane baƙo zai gani. Janaretan da ke sanyaya masa ofis in an ɗauke wuta kuwa, a gindin tagar aka ɗaure shi da sarƙa, saboda ɓarayi.

Kai, sakamako ya yi kyau! Dokta ya gano iskar garin nan ta fi ta ko'ina muni, amma ranakun aiki kaɗai, daga hantsi zuwa azahar. Asabar da Lahadi tas take. In ya yi tafiya taro, sai ta warke sarai. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. "Iska tana da ɗabi'a," in ji shi, "kuma ni na fara gano ta." Ya rubuta maƙala, ya raɗa wa ɗabi'ar sunansa.

Ranar da manyan farfesoshi suka zo tantance aikinsa, ana cikin bayani aka ɗauke wuta. Dokta ba zai bar manyan baƙi su yi gumi ba, ya sa aka tayar da janareta. Baƙin hayaƙi ya miƙe, ya shige bakin na'urar kai tsaye. Allonta ya koma jawur.

"Kun gani da idonku!" Dokta ya buga tebur. "Daidai lokacin da na faɗa a maƙalata!"

Shugabar baƙin, wata dattijuwar farfesa, ta leƙa taga, ta yi tari, ta rufe takardunta. 

Kujera dai ba ta samu ba. Hutun shekara guda aka ba shi, wai ya je ya huta. Allon yana nan bayan kabad. Amma a yi wa bawan Allah adalci: tun da ya kulle ofis ya tafi, na'urar ba ta sake yin ja ba. Duk tsawon aikinsa, wannan ne karon farko da ya gyara iskar gari.