Shunin da Na Lafta wa Mai Jego

Ranar sunan ɗan Rabi, 'yar ƙanena, mai kitso ba ta zo ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. Mata sun fara cika gida, ga kan mai jego a tsefe, gashi har gadon baya.

Na ce, "Kawo kan nan. Ni da na ci da marayu biyar da dakau, kitso ne zai gagare ni?"

Ko kibiya ban nema ba, da tsinken tsintsiya na yi tsaga. Kitson duk ya karkace. Na tuna iyayenmu kan shafe kai da shuni da man shanu, sai na lafta mata don ya rufa min asiri.

Ta ce, "Gwaggo, bai yi yawa ba?"

Na ce, "Ɗaura ɗankwalinki."

Da azahar zafi ya taso. Tana tsakiyar dangin miji cikin farin leshi, man ya narke, shunin ya gangaro ta goshi har wuyan riga. Uwar mijin ta rafka salati.

Yaron har ya shiga makaranta, amma ko jiya a gidan biki wata ta ce, "Gwaggo, zanina ya koɗe, yaushe za ki buɗe marina?"