Rasuwar Ƙwaryar Goron Almu, Saura Talatin da Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni Almu, direban tasi a Washington, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar ƙwaryar gorona, wadda ta cika ranar Talata, sha huɗu ga Janairu 1986, a ɗakinmu na Silver Spring.

Marigayiya ta iso daga Zariya cikin jiƙaƙƙen tsumma, goro ɗari cif, fari sol, Inna ce ta zaɓe su da hannunta. Aikinta guda ne. Rumasa'u, nas ɗin da nake nema, wadda tari ya kashe mahaifinta tana riƙe da hannunsa, ta ce in na yi kwana ɗari ban sha sigari ba, in turo magabatana. Kwana ɗaya, goro ɗaya. Duk Lahadi takan zo ta ƙirga saura, ta shinshina yatsuna, ta yi murmushin nan da na karanta littattafai tuli ban ga wanda ya iya kwatanta shi ba.

Mai haƙuri ce marigayiya. Ta raka ni cunkoson titin Georgia Avenue. Ranar da wani fasinja ya busa mini hayaki a ƙeya, ita ce ta tsaya mini. Ba ta da surutu. Abin da na taɓa ji daga gare ta kawai shi ne ƙaras, ƙaras. Wayyo, ɗacin nan da zaƙi ke biyo bayansa!

Jinyarta gajeriya ce. Zafin hitar ɗumama ɗaki ya sa ta fara yamushewa. Abokin zamana Chuwang, bawan Allah, ya tausaya mata, ya saka ta a firiza, don a ƙasar nan duk abin da ake so a firiza ake ajiye shi. Na dawo daga aiki na fito da ita; kafin la'asar ta narke, ta yi baƙi, ta yi laushi tuɓus. Na yafe masa. Yana ta kuka ma.

Na yi awa tara ni kaɗai, ba goro ba sigari. A ta goma na tsaya a kantin gidan mai.

Ta bar tsumma guda, da kalanda mai zane sittin da uku, da jajayen haƙora, da ni. Ta kuma bar kwalin sigari a aljihun rigar sanyina, wanda tun jiya ya kai rabi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, a bayan benenmu, kusa da bola, in ƙasar da sanyi ya daskarar ta yarda a haƙa ta. Ba za a raba goro ba. Rumasa'u za ta zo ƙirga ranar Lahadi kamar yadda ta saba. Kada kowa ya riga ni gaya mata.

Mai zuwa ta'aziyya ya taho da ashana. Tawa ta ƙare.