Alewar da Ta Kai Haƙoran Dong-gil Makaranta

"Ku dube ni da kyau," in ji Pyo Dong-gil, yana ƙwanƙwasa haƙoransa na gaba da tsinken cin abinci. "Mai irin wannan bakin ne zai faɗi jarrabawar likitan haƙori? Haba! Ni in na je, murmushi kawai zan yi wa masu tsaron jarrabawa, su ce, 'Ranka ya daɗe, wuce ciki, ga kujerarka nan.' Haƙoran nan tun da suka tsiro ba su taɓa ganin likita ba. Likita ne ma ya kamata ya biyo layi ya zo ya gan su."

Abokina, in ba ka taɓa zama gida ɗaya da Dong-gil ba, to ka huta. Ni na zauna. A gidan hayar ɗalibai na Inna Seok muke a birnin Daegu, inda ake ba mu ɗaki da abincin safe da na yamma. Ya girme ni, don haka dole in kira shi Yaya, in zuba masa ruwa da hannu biyu, in kuma gyaɗa kai ga duk shirmen da ya kwaso. Wuyana ya sha gyaɗawa a shekarar nan.

Yana ajin ƙarshe a jami'a, kuma ya yi ta ɗage aikin soja, wanda dole ne a kan kowane namiji a ƙasarmu, har ya kai inda ba ya ɗaguwa. In ya ci jarrabawar nan ya shiga makarantar haƙori, a ƙara masa lokaci. In ya faɗi, sai aski ƙwal, sai bariki, sai gudu kan dutse da jaka a baya. Shi kuwa mutum ne da in ya hau bene hawa biyu sai ya zauna ya yi fifita.

To me ka ke jin ya fara saya? Farar riga irin ta likitoci, da ɗan madubin leƙa baki. Kana cikin tauna shinkafa sai ka ji, "Buɗe, buɗe in gani." Littattafan kuwa suna kan tebur, a jere, ko ledarsu ba a yage ba.

Na ce, "Yaya, yaushe za a buɗe waɗannan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Sang-pil, kai injiniya ne, ƙarfe ka sani. Waɗanda suka faɗi bara ba su yi karatu ba ne? Sun yi har idanunsu suka zurma. Sakaci da al'ada ne ya kayar da su. Karatu kowane ƙaramin kwaro na yi. Ni ta wajen al'ada zan ɓullo musu."

Da miyar ganyen teku aka fara. A wajenmu kowa ya san mai jarrabawa ba ya shan ta, don santsinta kan sa mutum ya zame ya faɗi. Sai ga ranar haihuwarsa ta faɗo ana cikin shiri, ranar da kowace uwa ke dafa wa ɗanta wannan miyar. Inna Seok, da yake uwarsa na can ƙauye, ta yi sammakon kasuwa ta sayo naman sa mai kyau, ta dafa, ta ajiye masa a gaba tana murmushi.

Gogan naku ya yi tsalle kamar an ajiye masa maciji. "Inna! Nawa abokan hamayyata suka biya ki? Ɗauke, ɗauke, ko tururinta kada ya taɓa ni!"

 Inna Seok ta ɗauke kwanon a hankali ta juye mini. "To, Likitan Gobe," ta ce, "na ji."

Ashe ba ta ji ba, ajiyewa ta yi a zuciya. Daga ranar, miyar ganyen teku ce safe da yamma a gidan nan. Mu muna sha muna neman ƙari, Likitan Gobe na can ƙarshen tebur da gayan shinkafa da kimci, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, yana haɗiyar yawu yana cewa ai dama cin miya da yawa na dushe ƙwaƙwalwa.

Sai wankin kai. Masu hankali safiyar jarrabawa kaɗai suke ƙin wanke gashi, kada ruwa ya tafi da abin da suka haddace. Dong-gil ya ce wannan rowa ce, shi tun ana sauran makonni zai daina.

"Yaya, me ruwan zai wanke? Ai ba a zuba komai ba tukuna."

"Rufe mini baki, ɗan ƙarfe."

Ka san zafin Daegu a watan Agusta. Ba a jima ba gashin nan ya kwanta ya yi ƙyalli, ya fara aiko da saƙo tun kafin mai shi ya shigo. Ɗakin karatun jami'a, inda yake zuwa ya sha sanyin na'ura ya yi barci da farar rigarsa, ɗalibai suka yi ta ƙaura daga teburinsa har ya zama shi kaɗai ke da rabin zaure. Ya dawo yana cewa kwarjininsa ne. Washegari ma'aikaciyar wurin ta tare shi a ƙofa, hanci a toshe, ta ce ya dawo in ya gana da sabulu. A gida muka sauya masa suna zuwa Sarkin Ƙudaje, don talakawansa ba sa rabuwa da shi.

Saura babbar dabara, wato yeot, alewar nan mai danƙo da ake ba mai jarrabawa don ya manne wa makarantar da yake so. Uwarsa ta aiko masa da ita daga ƙauye, ba irin 'yan ƙananan nan na kanti ba, ja mai tauri, falle guda kamar bulo, wadda sai da guduma ake fasa ta. Ya fasa rabi ya tafi da tsakar rana ya manna a ƙofar makarantar haƙori. Kafin ya gama sunkuyawa yana roƙo, rana ta narkar da ita, ta zubo har kan makulli. Mai gadi ya fito ya damƙa masa bokiti da buroshi. Haka Farfesa Ba-Karatu ya durƙusa da farar riga yana kankare ƙofa, ɗalibai na wucewa suna ɗaukar hoto.

Na ɗauka zai yi sanyi. Ina! Da ya dawo sai ya ce, "Tunda ƙofa ta ƙi riƙewa, ciki zai riƙe. Da ita zan shiga ɗakin jarrabawa."

Safiyar jarrabawa na raka shi, kamar yadda ƙanne ke raka yayyensu, ina ɗauke da sauran rabin. Bakin ƙofa cike da jama'a, iyaye na ta shafa bayan 'ya'yansu. Duk wanda ka gani da yeot, 'yar mitsitsiya ce a baki yana tsotsa. Dong-gil ya dube su ya yi tsaki.

"Dubi masu tsotso. Da wannan za su manne? Miƙo nan, Sang-pil."

"Yaya, a ɗan fasa ta mana."

"A fasa sa'ata? Miƙo!"

Ya riƙe ta da hannu biyu, ya juya yadda kowa zai gani, ya wangale baki ya kafa mata haƙora. Zafi ya ɗan tausasa ta, sai haƙoran suka nutse har dasashi. A nan kuma suka zauna.

"Mmm," in ji Dong-gil.

"Na'am, Yaya?"

"Mmmmm!"

Sai ga jami'i da lasifika yana cewa masu jarrabawa su shiga, za a rufe ƙofa. Idanun Yaya suka firfito. Ya ja alewa, alewa ta ja shi. Ya nuna mini kansa da hannu, wato in riƙe ta baya shi kuma ya fizge. Na toshe numfashi na kama kan nan da hannu biyu. Ka tuna gashin da bai ga ruwa ba? Tamkar na kama kifi a cikin mai. Yana fizga, kai ya sulluɓe daga hannuna, muka ji ƙas, ni na faɗi ta baya, shi ya zube a gaban jami'in. Ya ɗago da alewa a hannu. A jikinta ga haƙora biyu farare tas a tsaye, a bakinsa kuwa ga taga.

Jami'in ya dubi jinin da ke zuba kan farar riga ya ce, "Ɗalibi, ba ka shiga mini ɗaki a haka. Ga asibitin makaranta can, tsallaka."

Muna tsallakawa muka ji ƙarar rufe ƙofa a bayanmu. Gaskiya a nan tausayinsa ya kama ni, don na ga ya waiwaya yana kallon ƙofar.

Likitar da ke aiki, wata dattijuwa mai suna Maeng, ta kwantar da shi, ta matso, ta ja da baya, ta ƙara takunkumi na biyu a kan na farko. Ta leƙa bakin, ta ɗauki alewar ta jujjuya.

"Wa ya sa maka waɗannan? Ai ba naka ba ne, na roba ne, tsohon aiki ma."

Na ce, "Likita, ai haƙoransa ba su taɓa ganin likita ba."

"Waɗannan dai a hannun likita aka haife su. Na baya ne ba su taɓa gani ba, ga su nan duk rami." Sai ta ɗaga murya. "Ku zo, ku zo ku ga abu!"

Ɗalibanta suka kewaye shi. Ta nuna musu yadda alewar ta ɗauki hoton bakin nan tsaf, kowane haƙori da gurbinsa, ta ce tun da take koyarwa ba ta ga abin nuna wa 'yan aji ɗaya mai kyan wannan ba. Ta tambaye shi ko zai bar musu. Da auduga cike da baki, ya ce "Mmm," ita kuwa ta ce ta gode. Aka sa ta a kwalba, aka ɗora a kan kantar aji.

Ranar da zai tafi bariki ya sauko cin abinci da kai a aske ƙwal, yana sheƙi, har muka ga ashe yana da kunnuwa masu kyau. Bakin bai gama warkewa ba, ba ya iya tauna komai. Inna Seok ta ajiye masa kwanon miyar ganyen teku, cike har baki.

"Sha, Likita. Ba sauran inda za ka zame."

Ya sha, ya miƙa kwano aka ƙara. Da cikinsa ya ɗauka sai tsohon hali ya motsa. Ya share baki, iska na fita ta tagar nan, ya ce, "Ni fa ba faɗuwa na yi ba. Alewar ce ba ta da kyau. Da ta gaske ce, da yanzu ina makarantar nan."

Inna Seok ta dafa kafaɗarsa. "Kada ka ɓata wa alewar uwarka suna, ɗan nan. Ta yi aikinta. Haƙoranka biyu sun samu shiga, suna can aji ɗaya ana karatu da su. Kai ne dai ba a ɗauka ba."