Tayar Lawal a Allon Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai Hafsatu ɗakinta ba, ko da zan so in manta, dangi ba za su bari ba.

Hafsatu ƙanwata ce, daga Kudan za a kai ta Gazara. Motoci biyu ke neman ɗaukar amarya: tawa da ta Lawal, ɗan Kawu Idi, taubashina. Iri ɗaya ne motocin, har launi. Abin da na fi shi guda ne. A makon bikin na sa sababbin sensa a tayoyina, wato 'yan na'urorin da ke cikin taya suna aika wa allon mota yawan iskar da ke ciki. Saura in yi musu rajista, motar ta san kowace sensa da tayarta. Na ajiye wannan aikin sai ranar biki, don a gani. (Aikina karanta labarai a rediyo, ban saba yin abu babu masu sauraro ba.)

A ƙofar gidanmu darbejiya ɗaya ce, kuma kowa ya san yadda muke da inuwa. Lawal ya matso da motarsa jikin tawa har madubi na gaida madubi, ya fito da ɗan famfonsa yana ƙara wa tayoyinsa iska.

Rajistar ba wuya. Ka sa motar a shirin karɓa, ka rage wa taya iska kaɗan, sensa ta ji canji ta aika saƙo, motar ta yi hon alamar ta karɓa. Uku sun tafi daidai. A tayar baya ta hagu kuwa, ban gama danna bawul, ɗan bakin da iska ke fita, ba hon ya tashi. Na ce a raina hannu ya faɗa.

Bayan la'asar na tara jama'a. Na zaunar da Kawu Idi a kujerar direba ya sa ido a allo. Gwaggo Asabe, shugabar 'yan kai amarya, ta tsaya da mayafi a kafaɗa.

"Gwaggo, wannan motar ba ta ɓoye komai," na ce da muryar labaran ƙarfe bakwai. "Iska na raguwa za ta sanar. Kawu, a duba lambar baya ta hagu."

Na tsuguna na danna bawul. Iska ta yi ta fita.

"Kawu, ta sauka?"

"Tana nan inda take, ɗana."

Na ƙara dannawa. Na yi bayanin cewa na'ura mai hankali ba ta gaggawa. Ina bayani ina dannawa, har Gwaggo ta ce, "Kai, ni ban san allo ba, amma tayar nan ta zauna."

Ta zauna kuwa, har ƙasa. Na ɗauke hannu. Can sai Kawu ya ce, "Yauwa, ga ta ta motsa."

Hannuwana biyu suna kan gwiwa. Muka waiwaya gaba ɗaya. Lawal ne tsugune a gindin tayarsa, ya cika ta da yawa yana ragewa. Ya dube ni, ya dubi babansa, ya sake dannawa a hankali.

"Baba, yanzu fa?"

"Ta ƙara sauka."

Ashe lokacin da nake rajista, sensar Lawal ce ta riga tawa magana, motata kuma ta karɓe ta hannu biyu.

"Malam mai labarai," in ji Lawal, "ka gode wa motarka, tana kula min da taya kyauta."

Na nemi aron famfo. Ya ce sai ya dawo daga kai amarya, hanya ba ta da tabbas. Hafsatu ta wuce ni a lulluɓe zuwa motar Lawal, amma na ga kafaɗunta suna rawa, kuma na san ba kuka ba ne.

Na sa safaya na bi su a baya ni kaɗai, da kwanukan gara a kujera. Wajen Makarfi fitilar gargaɗin da na yi ta jira ta kama, don motata ta daina jin ɗuriyar tayar Lawal.

Kullum a wurin aiki ina ce wa sababbi kada su karanta labari sai sun tabbatar daga ina ya fito. Yanzu na ƙara wa kaina ɗaya: in zan yi rajistar taya, rana nake fita, in bar wa Lawal inuwar.