Rawar da Na Taka a Falon Oga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na cashe a gidan maigidana a Doha, ni da ko a bikin ƙanwata ban ɗaga ƙafa ba.

Lokacin ina tuƙa wani dattijo Ba'amurke, injiniyan gas, muna ce masa Oga. Mutum ne mai shiru-shiru. Kullum da safe in na taso daga ɗakinmu na unguwar Najma na ɗauko shi, waƙa ɗaya yake sa mana a mota, irin ta makiyayan ƙasarsu da ake kira kantiri: jita, wani abu mai kuka kamar goge, da muryar wani mutum kamar mura ta kama shi. Turancina bai wuce na dama, hagu da tsaya ba, don haka ban san me ake faɗa ba. Amma kiɗan na da sauri da daɗi, yana tuna min kiɗan gayya a gonakin Malumfashi. Sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa waƙar noma ce. Har baiti na ƙirƙira mata da Hausa, ina rerawa a zuci ina buga sitiyari da yatsa. Oga kuwa sai ya juya fuska wajen taga, ni kuma in ce bawan Allah kunya ce ta hana shi rausayawa.

Da ya zo yin ritaya, ya tara mutane a gidansa cin abincin ban kwana. Ni hankalina a tashe yake, domin in ya tafi bai yi min magana wurin wanda zai gaje shi ba, sai dai in tattara komatsaina in koma gida (ga ginin da na fara ko linta bai kai ba). Na ce bari in yi masa abin da zai tuna da ni. A wurinmu ai in kana son faranta wa babba rai, waƙarsa ake sa masa a taka.

Ana tsakiyar cin abinci na lallaɓa na haɗa wayata da sifika. Kiɗa ya tashi, na faɗo tsakar falo da babbar rigata ta Juma'a, ina juyi ina yi wa Oga jinjina. Kowa ya juyo yana kallona. Matarsa ta ajiye cokali, ta rufe fuska ta fice. Ni a zatona burge su na yi, sai na ƙara wuta.

Injiniya Sani, wani Bakano abokin aikin Oga, shi ya kamo hannuna ya ja ni baranda. “Malam, khalas, ya isa haka, kashe abin nan don Allah. Ka san waƙar mece ce wannan?”

Na ce ta noma ce mana. Ya girgiza kai, ya ce mawaƙin ya yi ta ne don ƙaninsa da ya rasu, ya sa mata kiɗa mai sauri saboda mamacin mai son raha ne. Ta karɓu a can ƙwarai, har mutane suka mai da ita waƙar da suke sawa wurin binne nasu. Kuma da ita aka binne ɗan Oga ɗaya tilo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tashi inda ko kuka mai ƙarfi hanawa ake yi a gidan mutuwa, ina zan kawo a raina cewa akwai masu raka gawa da jita? Ashe duk safiyar nan mutumin makokinsa yake yi a kujerar baya, ni kuma ina gaba ina taya shi da sitiyari. Wannan ya fi rawar ma yi min ciwo.

Na koma ciki, na durƙusa gabansa, Injiniya Sani yana fassara haƙurin da nake bayarwa. Oga ya daɗe yana kallona, idanunsa jajir. Can ya dafa kafaɗata ya ce wa Injiniya, “Ka faɗa masa shi ma ɗan nawa haka ya saba taka ta. Ƙafa daban, kiɗa daban.”

Ya yi min maganar wurin magajinsa kafin ya tafi, aikina ya ɗore. Har yau ban san ko don tausayi ya yi ba, amma dai na tabbata ba don iya rawa ba ne. Tun daga ranar, in kiɗan wasu ya yi min daɗi, kafin in motsa kafaɗa sai na fara tambaya ko wani ne ya mutu.