Jitar Kan Tsamiya

Wani ne a Yako, Allah ya zuba masa cika baki. Ya je zance wurin Humaira, budurwar da yake nema, sai ya ji tana yabon wani mai jita da ta gani a waya. Kishi ya ɗebe shi.

Ya ce, "Wannan ai wasan yara ne. Ni da kike gani, in na riƙe jita kuka take."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

"To madalla. Bikin Yaya Ubale bayan girbi ne, sai ka zo ka kaɗa. In ka fitar da ni kunya, ka turo magabatanka. In kuwa ƙaryar da ka saba ce, kar in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidanmu."

Mutumin naku ko gurmi bai taɓa riƙewa ba. Ya sayar da tunkiyarsa, ya sayo tsohuwar jita a hannun wani ma'aikacin dam a Tiga, ya hau acaɓa sai Kiru, wurin Surajo mai koyar da kiɗa.

Ya kaɗa. Surajo ya ce, "Ba haka ba."

Ya ƙara.

"Ba haka ba. Tsirkiya ce, ba igiyar guga ba. Kuma je ka yanke faratan nan."

Ran gogan ya ɓaci. "Malam, tun da na zauna ko 'yauwa' ba ka ce min ba."

"To ka yi abin yauwa mana."

Ya saɓa jitarsa ya fita. Wai shi ba zai sayar da tunkiya ya sayi wulaƙanci ba.

Sai ya samo wani malamin a bidiyon waya. Wannan kullum cikin murmushi yake. Turanci yake zubawa, mutumin ba ya jin ko kalma, amma dai bai taɓa ce masa "ba haka ba". Ai kuwa gogan ya ce ya samu malami.

Matsala ɗaya, duk unguwarsu babu inda sabis ke kamawa sai saman tsamiyar bayan gari. A can ma sai ya ga dama. Kullum gogan zai ɗare reshe da jita, ya maƙale waya, ya gai da malam da ladabi. Malam zai fara kaɗawa, tirin tirin, sai ya ƙame: hannu a sama, baki buɗe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinsa. Can sai ya ci gaba.

Mutumin ya girgiza kai. "Allahu akbar! Ka ga gwani. Ashe sirrin da Surajo ya ɓoye min ke nan."

Ya haddace komai, har ƙamewar da buɗe bakin. Zoben ne ya gagare shi, sai ya riƙa juya idanu a madadinsa.

Ranar biki bayan la'asar aka yi da'ira, aka ba shi kujera a tsakiya. Humaira tana gaba cikin ƙawayenta.

Tirin tirin. Sai ya ƙame. Hannu a sama, baki buɗe, idanu na juyawa.

Wata gwaggo ta saki salati. "Jama'a ku taimaka, sun hau kansa!"

Kafin a kawo ruwa ya ci gaba. Tirin. Ya sake ƙamewa. Ƙuda ya shiga bakin ya fito, ko gezau bai yi ba. Aka sheƙa masa ruwan, aka kawo hayaƙi.

Ya daka tsawa, "Ku bar ni! Cikin kiɗan ne! Haka malamina yake yi a waya, nan wurin ma ya fi daɗewa!"

Samarin da suka saba ganinsa a kan tsamiya suka gane. Wuri ya kaure da dariya, har ango Ubale sai da aka riƙe shi.

Shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ya matse rigarsa, ya nufi Humaira yana taƙama.

"To, yaushe zan turo?"

Humaira ta ɗaga hannu sama, ta buɗe baki, ta ƙame.

Ya jira. Ya ƙara jira.

"Humaira, ba ki ce komai ba."

Ta ce, "Koma kan tsamiya ka jira. Nan sabis ba ya kamawa."